Haruffa Biyar a Bayan Sunan Oga

Na ga kun fara murmushi tun ban ce komai ba. Ku yi abinku, haƙoran naku ne. Na san abin da ke ranku: wata takardar shaida ce kuma aka ƙago a Amurka don a kwashi dalolin mutanenmu, a sallame su da haruffan da za su jera a bayan suna, har katin da oga zai miƙo maka sai ka juya bayansa kafin ka kai ƙarshen laƙabinsa. Na ji. Amma tun da kun riga kun zauna, ku ara mini kunne. In na gama ku ci gaba da dariyar, inda ta dace ni ma zan taya ku.

Takardar sunanta CGEIT, ƙungiyar ISACA ce ta fito da ita a 2007. Ƙungiyar ba yarinya ba ce, ta girmi da yawa daga cikin masu yi mata tsiya. A 1969 aka kafa ta a Los Anjalis, lokacin da masu binciken lissafin kamfanoni suka ga littattafan da suka saba bi layi-layi da jan biro sun fara shigewa cikin kwamfuta, inda jan biro ba ya kaiwa. Yau hedikwatarta tana jihar Ilinoi, tana da rassa a ƙasashe da dama, har da Legas da Abuja da Akara. Ita ce mai CISA, ta 1978, wadda in ka tambayi oditan banki ko dai yana da ita ko ya ce yana shirin yi. Ita ce mai CISM ta masu tsaron bayanai, ta 2002. CGEIT kuwa ba ta mai gyara ba ce, ba kuma ta mai gadi ba ce. Ta mutumin da ke zama a teburin da ake yanke cewa ga nawa za a kashe a kan fasaha, ga abin da za a saya, ga abin da ake sa ran samu, ga kuma wanda za a riƙe in abin ya rushe.

Yauwa, injiniya, na ga hannunka a sama tun ɗazu. Faɗi. Ka ce shekara ashirin kana cikin ɗakin na'urori, sanyin esi har ya shige maka ƙashi, daga ƙarar fanka kana gane sabar da ke shirin mutuwa, to me wata takarda za ta koya maka? A kan saba kam babu, Allah ya ƙara basira. Abin da nake jiye maka shi ne ka shiga jarrabawar da wannan ƙwarewar taka, ita kanta ta kayar da kai.

Tambaya 150 ce a awa huɗu, kowace da amsa huɗu, ka zaɓi ɗaya. Makin daga 200 ne zuwa 800, sai ka kai 450 ka tsallake. Babu inda za a ce ka rubuta wa kwamfuta umarni ko da layi ɗaya. Bari in ba ka samfuri, ni na haɗa shi, amma haka suke yi. Kamfani ya sayi sabuwar manhaja shekara biyu da suka wuce, da alkawarin za ta rage wa abokan ciniki jira. Jiran bai ragu ba. Me za a fara yi? A ƙara wa na'urori ƙarfi, ko a sake horar da ma'aikata, ko a kira ɗan kwangila ya zo ya yi bayani, ko a ɗauko takardar da aka kafa hujjar sayen da ita a ga me aka yi alkawari da wanda aka ɗora wa cika shi? Kar ka ɓoye, injiniya, na ga idonka ya tafi kan ta farko. Ai shi ke nan. Duk huɗun babu ta banza, wataƙila ma duk sai an yi su. Amma masu jarrabawar ta ƙarshen suke so, domin a wurinsu ciwon ba a na'ura yake ba. Ciwon shi ne an kashe kuɗi, an yi biki, an yanke ƙyalle, an ɗauki hoto, sannan duk faɗin kamfanin babu mutum ɗaya da aka rubuta sunansa cewa shi zai kawo ribar.

Ko rabon makin ka duba za ka gane inda hankalinsu yake. Kashi 40 cikin ɗari a kan tsarin shugabancin ne kansa: wa ke da ikon yanke me, da yadda shirin fasaha zai bi manufar kamfani maimakon kamfani ya riƙa bin sa a baya yana biya. Kashi 26 a kan tabbatar da an ci moriyar abin da aka saya. Kashi 19 a kan haɗari, ba wai a kawar da shi ba, don ba ya kawuwa, a dai san wanda za a iya ɗauka da wanda ya fi ƙarfin wuya. Kayan aiki, inda nan ne gidanka da gonarka, kashi 15 kacal aka ba shi, ko a nan ɗin ma zancen ya fi karkata ga ma'aikata da sayayya da riƙon ɗan kwangila fiye da wayoyi da akwatuna.

Bari in kawo muku abin gida, ko kwa daina yi mini kallon mai talla. Alhaji ya sayi tirela. Yana da direba, yana da bakanike. Bakanike ya san inji, direba ya san hanya, ramukan da ke tsakanin Mokwa da Jebba duk ya haddace su. Amma ba direba ne zai ce tirela za a saya ko tanka ba. Ba shi zai ce shanu za a ɗauka daga Potiskum zuwa Legas ko siminti ba, ba shi zai hana kansa tafiyar dare ba, ba kuma shi zai binciki kansa ranar kawo balas ba. Alhajin da ya ce shi bai san mota ba, don haka ya sakar wa direba komai, in shekara ta zagayo zai tarar da tayoyi masu sanƙo da dogon labari. Ba rashin sanin inji ne ya cuce shi ba. Aikinsa na mai mota ya ƙi yi.

Wannan rabon aikin shi ne ginshiƙin COBIT, kundin da ISACA ta fara fitarwa a 1996, wanda mai shirin CGEIT ba shi da hanyar kauce masa. Bugun 2012 ne ya bambance ƙarara tsakanin aikin hukumar daraktoci da na masu gudanarwa. Su na sama su auna, su nuna alƙibla, su sa ido. Na ƙasa su tsara, su gina, su tafiyar. Bugun da ake kira COBIT 2019 ya jera manufofi 40, biyar ne kawai a ciki na shugabanci, sauran na gudanarwa ne. Biyar fa, ranku ya daɗe. Ƙa'idar duniya ta ISO 38500, wadda ta fito a 2008 daga wata ƙa'idar Ostareliya ta 2005, ita ma aunawa da nuna alƙibla da sa ido ta faɗa, kuma ba don injiniyoyi aka rubuta ta ba, don daraktoci ne.

Kar kuma ku ɗauka daga sama abin ya faɗo. Kamfanin Enron ya rushe a 2001, WorldCom ya bi shi a 2002, duk a kan lissafin ƙarya. Majalisar Amurka ta yi dokar Sarbanes-Oxley a 2002, ta tilasta wa shugaban kamfani da mai riƙe da kuɗinsa su sa hannu da kansu cewa lissafin gaskiya ne. Mutum ya ɗauki biro zai sa hannu, sai ya tuna lambobin nan duk daga cikin kwamfuta suka fito, shi kuwa bai taɓa tambayar wa da wa ke da mabuɗin shiga su canza su ba. Daga nan manya suka fara cigiyar wanda zai tsaya tsakaninsu da ɗakin na'urori. A Afirka ta Kudu, rahoton King na uku, na 2009, babi guda ya ware wa wannan batu, ya ce nauyin hukumar daraktoci ne.

To, ranka ya daɗe shugaban hukuma, daina duba agogo, da kai ake. Na san ra'ayinka: harkar kwamfuta ta yara ce, ka ɗauki yaro mai ƙoƙari, ka ba shi ofis da mota, ya je ya yi ta fama. Bari in kwatanta maka taronku, in na yi ƙari ka tsayar da ni. An buɗe da addu'a. An karanta rahoton taron baya, an ci rabin awa ana gyaran sunan wani darakta da aka manta masa da Dakta. An tattauna alawus ɗin zama a tsanake, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Batun fasaha shi ne na goma sha ɗaya a ajanda, ya faɗo daidai lokacin da ƙamshin abinci ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, azahar kuma ta ƙarato. Ogan kwamfuta ya kunna majigi. Duk ɗigon da ke kan allo kore ne shar, ko rawaya ɗaya babu. Ya zuba Turanci mai gajerun haruffa na ɗan lokaci, ya nemi a amince da kuɗin da in an faɗe su a kasuwa sai an yi salati. Wani darakta ya ce, wannan ita ce ta zamani ko? Aka ce ita ce. Wani ya ce, su wane ma ita suke amfani da ita? Aka ce ai har sun riga mu. Kai kuma ka ce, to Allah ya sa alheri, akwai mai ja? Babu mai ja. Kowa na jin kunyar a gane bai gane ba.

Ba wanda ya ce, wadda muka amince da ita shekara uku da suka wuce fa, ina ribarta? Ba wanda ya ce, in ranar sauyawa abin ya ƙi, ina za mu koma, kuma an gwada komawar? Tambayoyin nan ko kunna kwamfuta ba ka iya ba za ka iya yin su.

Kuna ganin zolaya ce kawai? Ku ji abin da ya sami bankin TSB na Birtaniya. An ɓalle shi daga bankin Lloyds a 2013, bankin Sabadell na Sifaniya ya saye shi a 2015, amma ya ci gaba da hayar na'urorin Lloyds da kuɗi mai tsoka. Sai aka ce a gina masa nasa, aka ba kamfanin fasaha na Sabadell ɗin aikin. A ƙarshen wani mako na Afrilun 2018 aka kwashe asusun mutum sama da miliyan biyar aka mayar kan sabon tsarin. Bayanan sun isa lafiya, tsarin ne ya kasa ɗaukar jama'a. Kimanin mutum miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu ta waya ko intanet, wasu da suka samu shiga suka tarar da asusun wasu a gabansu, 'yan damfara kuma suka ga banza ta faɗi. Sai a Disamba al'amura suka daidaita. Bankin ya ce abin ya ci masa fam miliyan 330. Shugabansa, Paul Pester, ya sauka a Satumba. A Disamban 2022 hukumomin sa ido suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65.

Ogan kwamfuta, nan nake so ka gyara zama. A Afrilun 2023 hukumar da ke sa ido kan bankunan ƙasar ta ci tarar Carlos Abarca, wanda shi ne babban jami'in fasaha na bankin a lokacin, fam 81,620. Shi da kansa, da sunansa a jarida. Ba don ya rubuta manhaja mai kuskure ba, ai ba shi ya rubuta ba. Laifinsa shi ne ya tabbatar wa hukumar daraktoci cewa ɗan kwangila ya shirya, alhali bai bi diddigi yadda ya kamata ba, musamman a kan ƙananan 'yan kwangilar da ke bayan babban. An ce masa an shirya, shi ma ya hau sama ya ce an shirya. Mu nan wannan ba ma laifi ba ne, ladabi ne. Riƙon ɗan kwangila da ɗan kwangilar ɗan kwangila kuwa, yana nan cikin ɗan kashi 15 ɗin da na ambata.

Na ji wani daga can baya yana cewa ai wannan ciwon Turawa ne, mu nan wutar lantarki muke nema tukuna. Malam, matso in ga fuskarka. Ba kai ne ba a Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, ka tsaya gaban mai tsire kana ɗaga waya sama, an cire maka kuɗi, shi kuma alat bai shigo masa ba, ga naman ya huce? An ce kowa ya koma tiransifa, aka koma, manhajojin bankuna da dama suka durƙusa. Ko na'urori za su ɗauki lodin in aka janye takardun kuɗi daga hannun jama'a, wannan tambaya ce ta teburin manya, kuma kafin a yanke hukunci ake yin ta.

Ga labari biyu, ku jera su ku gani. A ƙarshen Yulin 2012 kamfanin Knight Capital, mai hada-hadar hannun jari a Amurka, ya sa sabuwar manhaja a sabobinsa takwas. Bakwai suka samu, aka tsallake ɗaya, kuma babu wanda aka ɗora wa ya bi baya ya duba. Ranar 1 ga Agusta da aka buɗe kasuwa, ta takwas ɗin ta tayar da wani tsohon umarni da aka daɗe da daina aiki da shi, ta shiga saye da sayarwa ba ji ba gani. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar dala miliyan 440. Bai sake tsayawa da ƙafarsa ba, a shekarar da ta biyo aka haɗe shi da wani.

Yanzu ku dawo gida. A Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida da hawaye, ya amsa cewa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas ya samu matsala, sai sun sake zama. Bayanin da aka bayar shi ne gyaran da aka yi wa manhaja bai hau daidai kan wasu sabobin da ɗan kwangila ke kula da su ba. Ku ce mini wannan ba ƙanin wancan ba ne. Farfesa dai ya yi abin da ba kowane babba ke yi ba, ya ce laifin a wuyansa yake, a jinjina masa. Amma yaron da ya buɗe waya ya ga makin da bai yi kama da karatunsa ba, da an tambaye shi, da ya fi son wani ya duba sabobin nan tun kafin ranar jarrabawa.

Hukumominmu ma ba barci suke ba, a takarda dai. Tun 2018 Babban Bankin Najeriya ya fitar wa bankuna ƙa'idar tsaron intanet, ta ɗora alhakin a kan hukumar daraktoci kai tsaye, ta kuma wajabta naɗa babban jami'in tsaron bayanai. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta zo da tara a hannunta. Ma'aikatun gwamnatin tarayya kuma ana so su nemi sahalewar hukumar fasaha ta NITDA kafin su tsunduma cikin aikin fasaha. Wato tambayoyin da shugaban hukuma ke jin nauyin yi, yanzu akwai mai zuwa daga waje ya yi masa su, shi kuwa ƙamshin abinci ba ya sa shi sauri.

Bari in ba ku dama ku rama, don akwai wata 'yar'uwa can da ta daɗe tana girgiza kai. Ta ce, to mun ji, tambayoyin sun yi kyau, amma takarda tana sa mutum ya yi su? Nan kam, 'yar'uwa, kin fama gyambon. Ba ta sawa.

Ku dubi gidan wayar Birtaniya. A 1999 aka fara sa manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a ƙananan ofisoshinsa. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi inda babu giɓi. Maimakon a tuhumi na'ura sai aka tuhumi mutane. Daga 1999 zuwa 2015 an yanke wa sama da mutum 900 hukuncin sata ko zamba ko lissafin ƙarya. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun rasa gidajensu wajen biyan bashin da ba su ci ba, wasu sun kashe kansu. Sai a 2019, bayan mutum 555 sun haɗa kai sun kai ƙara, babbar kotu ta tabbatar manhajar tana da kurakurai, a 2024 kuma majalisa ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen. Duk tsawon shekarun nan gidan wayar yana da hukumar daraktoci, yana da masu bincike, yana da lauyoyi da masu ba da shawara, a ƙasar da ba ta rasa kundin ƙa'ida. Ba sanin tambayar aka rasa a ginin ba. Wanda zai yi ta, ya kafe sai an amsa, ko da kujerarsa za ta girgiza, shi ya yi wuya. Wannan kuwa babu jarrabawar awa huɗu da ke auna shi, ni ma ban zo in ce akwai ba.

Abin da takardar ke iya yi kaɗan ne, amma ba na yarwa ba ne. Tana ba ogan kwamfuta harshen da darakta ke ji, na kuɗi da haɗari da alhaki, ya daina laɓewa a bayan gajerun haruffa. Tana kuma ƙwace masa uzuri. Mai CGEIT da ya kawo allo kore shar alhali ya san akwai ja wur a ƙasa, ba shi da bakin cewa bai sani ba. Ya karanta, ya ci jarrabawa, ya amince da ƙa'idar ɗa'ar ƙungiyar. In kuna ganin sanin wanda za a riƙe ƙaramin abu ne, ku tambayi wanda ya taɓa bin haƙƙinsa ofis-ofis ana ce masa netwok ne.

Ƙanena mai kakin bautar ƙasa, sauke hannunka, ba taka ba ce tukuna. Jarrabawar kam ba mai hana ka zama in kana da kuɗi. Amma ba a miƙa takardar sai ka nuna shekara biyar kana aikin ba da shawara ko sa ido a kan shugabancin fasaha, wani da ya san aikinka ya sa hannu ya shaida. In kuma shekara biyar ta wuce bayan ka ci ba ka nema ba, cin ya tashi a banza. Je ka yi aiki tukuna. Ka ga babban aiki ɗaya ya mutu a gabanka, ka ga yadda manya ke zamewa ɗaya bayan ɗaya a bar ƙarami da jangwam. Bayan nan littafin zai fi yi maka daɗin karatu.

Kai kuma mai tarin haruffa, da ka haddace tambayoyin baya ka ƙara biyar a kan tulin da kake da su, ba ni da ta cewa, kai ne hujjar masu dariyar nan. Kai ka sa ake yi wa abin kallon ado. Sai dai ka sani wannan adon ana karɓe shi. Duk shekara sai ka nuna ka ƙara karatu na aƙalla awa 20, a shekara uku awa 120, in ba haka ba haruffan su koma inda suka fito. Digirin da ke rataye a bangon ofishinka tun zamanin soja, wa ya taɓa tambayarka ko ka buɗe littafi bayansa?

Hajiya mai riƙe da lalita, na bar ki ƙarshe don na san ke ba dariya kike yi ba, lissafi kike. Ga shi nan. Zaman jarrabawa dala 575 ga ɗan ƙungiya, 760 ga bare. Neman takardar bayan an ci, dala 50. Riƙe ta duk shekara, dala 45 ko 85. Ban sa littafi ba, ban sa kwas ba, ban sa kuɗin shiga ƙungiya ba, ban kuma sa na sake zama ba in ya faɗi. Ki aika wurin 'yan canji na Wapa a buga miki: a canjin 2025, dala 760 ɗin kaɗai ta haura naira miliyan ɗaya. Kin ce da tsada. Da tsada mana. Kin ce kasuwanci suke yi. A rajista dai ƙungiyar ba ta neman riba ba ce, amma rasit ɗinta ba ya zuwa da tausayi. Kin ce in kin biya masa zai naɗe takardar ya koma wani kamfani, ko ya haye jirgin Kanada. Ba zan rantse miki ba.

To ga shawara kyauta. In ogan kwamfuta ya kawo miki takardar neman a biya masa, kar ki ce a'a, kar kuma ki sa hannu. Ki ce ya koma ya rubuto hujja, irin wadda littafin nasa ya ce a rubuta kafin a kashe ko kwabo a kan fasaha: me kamfani zai samu, yaushe, da me za a auna, wa zai amsa in ba a samu ba. Ya sa a ciki cewa kafin shekara ta zagayo zai kawo wa hukuma jerin duk manyan ayyukan da aka biya a shekara ukun baya, kowanne da alkawarin da aka yi da abin da ya fito, ja a rubuta ja. Ya sa kuma cewa zai nemi batun fasaha ya tashi daga na goma sha ɗaya ya dawo gaban alawus. In ya rubuto, ki biya, har da kuɗin littafin. In kuwa ya fara inda-inda, ya ce ai Hajiya irin wannan ribar ba ta aunuwa, ki tuna masa kashi 26 na jarrabawar da yake son zama a kan wannan ne, ki ce ya dawo in ya karanta babin.